Shirun da ke Tsakiyar Takai

Ila, ai na ji ka jiya. Kunnena na dama ne ya mutu, na hagu yana nan garau, kuma ta hagu ka tsaya. Ka ce wa 'yan uwanka shirun nan da muke yi a tsakiyar takai, inda kowa ke sauke sanda ganga ta yi tsit, hutun tsofaffi ne kawai, gara a cire shi rawa ta yi sauri. Sauran suka yi dariya. Ban tanka ba don akwai goro a bakina, kuma goro ya yi tsada a bana. Yau babu goro, sai ku ajiye sanduna ku zauna. In na gama, wanda har yanzu yake son a cire shirun ya faɗa, a cire.

A wurinku takai ba wani abu ba ne. Maza su yi da'ira, kowa da gajeriyar sandarsa, ganga na tafiya, ka juya gaba ka haɗa sanda da na gabanka, ka juya baya ka haɗa da na bayanka, 'yan mata na kallo. Haka ni ma na ɗauke ta ranar da na fara zuwa wurin Baba Tanko, wanda ya riƙe sarautar takai a garin nan kafin ni. Na je da sabon warki, na shafe ƙafafuna da mai, ina jin a ranar za a san an haife ni.

Aikin da ya fara ba ni saran sanda ne. Ya miƙo mini gatari ya ce in bi hanyar Hawandawaki in saro masa geza. Na wuni a daji ina zaɓen masu kyau, miƙaƙƙu, ɗanyu shar, na ɗauro dami na kawo ina haki. Ya zaro biyu ya haɗa su, suka yi wata ƙara kamar an bugi jiƙaƙƙen zane. Ya miƙa wa matarsa damin ya ce ta samu na girki in ya bushe. Daga baya na koyi cewa ba a saran sandar takai sai ruwa ya ɗauke, itace ya daina shan ƙasa. A ɓare ta, a gasa ta sama-sama a miƙe ta, a rataye a ɗakin girki hayaƙi ya ratsa ta, sannan a murje ta da man shanu. Ba da ido ake zaɓenta ba, da kunne ne. Sai ka ji ta ce ƙwas, a bushe, sautin ya tsaya bai ja jela ba. Akayau kuwa, ƙarafunan nan masu kacau-kacau da kuke ɗaurawa a ƙafa, in ba ka sa tsumma a ƙarƙashi ba, kafin la'asar sakaliya sun yanke maka idon sawu. Wannan ma ban ji da kunne ba, da jinina na koya.

Da aka ga na iya sanda, aka sa ni cikin da'ira. A nan asirina ya tonu. Kun san sunan da ake kirana da shi, Bahago, har ma wasunku ba su san ina da wani ba. To, in mai dama ya fuskanci mai dama, sandunansu gicciye suke haɗuwa, su yi ƙwas a sama, kowa ya juya lafiya. In bahago ya fuskanci mai dama, sandunan ɓangare guda suke fitowa, tawa ta zame a jikin tasa ta sauka a kan yatsu. Wanda ya fara tsayawa gabana wanzamin garin ne. Na fasa masa babban yatsa. Gari ya yi wata cur babu aski, liman kansa ya yi buzu-buzu, kuma duk wanda ya sosa ƙeya sai ya ambace ni.

Baba Tanko bai yi saurin fid da rai ba. Ya ɗaure mini hannun hagu a ƙugu da igiyar rama ya ce in yi da dama. Hannuna na dama kuwa irin baƙon nan ne da ke isowa bayan an wanke ƙwarya. Kafin ya ɗaga, sandar abokina ta riga ta sauka a goshina. Ku dubi nan, wannan tabon ba na yaƙi ba ne, ko da yake a kasuwar Tasawa na bar wasu sun zaci haka. Da dama ni nake shan wuya, da hagu mutane ke sha. Ranar da abin ya ishe shi, tsohon ya kwance igiyar ya nuna mini kututturen nan na bakin fage.

"Bahago, Allah bai yi ka don cikin da'ira ba," in ji shi. "Hau nan ka zam idona. Nawa sun hwara gajiya."

Na hau ina jin kamar in nutse. Amma daga kan kututture na ga abin da mai rawa ba ya gani, domin shi mutum biyu kawai ya sani, na gabansa da na bayansa. Na ga cewa ba hannu ke rawar takai ba, ƙafa ce, in ƙafa ta makara, hannu ba ya iya rufa mata asiri. Na gane ba a jera dogo kusa da gajere, sai an sa matsakaici tsakani. Ba a haɗa aminai wuri guda, dariya za su yi. Ba a kuma haɗa samari biyu masu neman yarinya ɗaya, domin a juyi na uku wasa ya zama gaske. Kuma dole mutane su cika bibbiyu. In aka samu mara, wato mutum guda ya rasa abokin bugu, da'irar duka ta watse. A kan kututturen nan na ƙirƙiro shigar rumbu, inda kuke durƙusawa ku ratsa ƙarƙashin sanduna, da juyin masussuka da kuke ji da shi. A lokacin ban taɓa taka ko ɗaya da ƙafata ba, sai dai in kwatanta wa mutum ɗaya a gefe, shi ma yana ja da baya.

Da Baba Tanko ya rasu, aka duba aka ga babu wanda ya san jeri kamata, aka ba ni sarautar. Sarkin takai da ba ya rawar takai. Mun je bukukuwa da sunaye da gayyar noma, mun ga masu gida iri-iri. Akwai wanda zai cika muku jaki da damman gero, akwai wanda zai sa ku tayar da ƙura tun azahar ya sallame ku da fura mai tsami da addu'a. Wani biki a Tasawa, maigidan ya fito yana tambayar ina sarkin rawar yake, zai rataya masa riga. Aka nuna ni a tsaye kan wani dutse da na aro. Ya ce shi ai ya ɗauka mai tsaron takalma ne. Rigar dai na karɓa, ta yi mini damina huɗu.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda iyayenku ba sa son zancenta. Ruwa ya sauka da kyau, gero ya fara fid da kai, sai sama ta rufe bakinta. Ɗan abin da ya tsira fara ta share. Muka ci hanza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci, muka ci 'ya'yan ƙarangiya. Maza suka watse, wasu suka yi kudu wajen Katsina, wasu suka bi ayarin Buzaye, wasu kuma mu muka kai su makwanci. Akayau suka koma wurin maƙera aka mai da su hauya. Sandunan da Baba Tanko ya bari na ɓoye su cikin jinkar ɗaki, don matata ta fara yi musu kallon itacen wuta, kuma gaskiyarta.

Daminar da ta biyo baya Allah ya yi mana sauƙi, hatsi ya yi kyau. Amma hatsi ya dawo, mutane ba su dawo ba. Ana tsakiyar girbi Ɗan Ladi ya same ni a gona. Shi ne makaɗinmu, uban wannan da ke yi muku kiɗa yanzu, kuma gangar tun ta kakansa ce. Duk ƙasar nan babu wanda ya san kiɗan takanmu sai shi. Ya ce mahautan Tasawa sun aiko yana da wuri a wajensu.

"Ganga ba ta yi wa kanta kiɗa, Bahago," ya ce. "In anka gama sa hatsi rumbu ba ka tsai da mani da'ira ba, na tahi. Ɗiyana hatsi su ka ci, ba zumunci ba."

Ban ga laifinsa ba. In ganga ta bar gari, takai ta mutu a nan ke nan, duk abin da Baba Tanko ya bari da wanda na ƙara ya bi iska. Ni kuma in zama wani tsoho da ke hawa kututture ba dalili.

Na bi gida-gida. Na samu 'yan tsofaffi masu ciwon gwiwa, da wanzamin nan da yatsansa ya warke a karkace, da samari kaɗan da yunwa ta bari. Ba su kai a kira su da'ira ba. Sai na tuna da Fulanin bakin rijiya. Shanunsu sun ƙare a farin, suna zaune suna yi wa mutane aikin girbi, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba. Babbansu cikin samarin shi ne Buba, dogo, siriri, maganarsa ba ta fi ta tsinke ba. Na ce a raina, mutumin da aka haifa da sanda a hannu, ai abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Na je na roƙe shi. Ya ce zama ya ishe su, za su zo.

Don kada gari ya yi musu dariya su yi zuciya, sai na kai su wani faƙo can bayan gonaki, inda ko akuya ba ta zuwa. Kullum in an taso daga girbi a can muke. Ina ta yabon kaina da wannan dabara. Kuma ku ji, sun fi ku saurin ɗaukar taku nesa ba kusa ba. Mai bin shanu ƙafarsa ba nauyi. Abin da kawai na yi ta fama da shi shi ne nauyin hannunsu, domin su ba su san a ɗaga sanda don ƙara kawai ba. Kafin a gama ɗaurin dami sun iya shigar rumbu, sun iya juyin masussuka. Ɗan Ladi ya zo sau ɗaya ya gani, ya dai ce sai ranar. Abu guda ne ban gwada su da shi ba, ban taɓa sa su rawa mace na kallo ba.

Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, bayan la'asar muka hallara ƙofar gidan mai gari. Na hau kututture na jera mutane, sai na ga mara. Ɗaya daga cikin tsofaffin gwiwarsa ta kumbura, yana gida. Ko in cire mutum guda da'irar ta ƙara tsukewa har ta zama abin kunya, ko in samo wani. Na duba hagu na duba dama, babu wanda ya san takun sai ni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sauko na ɗauki sanda. Nan take mutanen gari suka fara matsawa, wanzami ya tura hannunsa cikin riga ya koma can ɗaya gefen. Buba bai san labarina ba, ya zo ya tsaya gabana, ƙanensa ya tsaya bayana.

Ganga ta tashi. Na murɗe wuyan hannu ina kai sandata a hankali, kamar mai miƙa wa surukinsa ruwa, kuma abin ya tafi. Ƙwas gaba, ƙwas baya. Shekara da shekaru rabona da jin wannan ƙara a cikin hannuna, daɗi ya kama ni har na fara ƙara ƙarfi. Sai mata suka fara fitowa, na gari da na bakin rijiya da ƙorensu a ka. Wata ta rangaɗa guɗa. Na juyo gaba na kawo sanda da iyakar jin daɗina, sai na tarar babu abin da ya tare ta. Buba ya sauke tasa, ya ɗaga hannuwa sama, ya buɗe ƙirji, yana murmushi yana kallon gajimare. Sandata ta sauka a haƙarƙarinsa, tim.

Fage ya ɗauki dariya, ana cewa Bahago ya dawo, a ɓoye yatsu. Ni ma na ɗauka hannuna ne ya sake yin halinsa. Amma da na waiga sai na ga ƙanensa ma ya sauke sanda, haka sauran Fulanin ɗaya bayan ɗaya. Ƙwas ɗin ya ɓace daga da'ira. Hannun Ɗan Ladi ya yi sanyi, ya ɗaga gula sama, ganga ta yi shiru. Na ga ya fara laluben igiyar da yake rataya ta in zai yi tafiya.

Na matsa kusa da Buba na ce masa ya dubi girman Allah ya ɗaga sandarsa.

"Baba, gaban mata ba a tare sanda," ya ce, bai ko sauke murmushin ba. "Kuma ka buge ni. Ina bin ka ramuwa."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Kun san sharo, wasan da samarinsu ke yi, a tsaya a sha bulala gaban 'yan mata ba a motsa ba, sannan wanda aka buga ya rama. A faƙo babu mai kallo, tare sanda wasa ne. A nan kuwa, gaban matansu, ga mutanen da suka rasa shanu suka koma yankan geron wasu, ba abin da ya rage musu sai a ga ba sa tsoron sanda. Ni da nake taƙama na san wa za a jera kusa da wa, wannan bai faɗo mini ba. Na ga in dai ba a biya ramuwar nan an gama a idon kowa ba, babu Bafillacen da zai sake ɗaga hannu, kuma gobe ganga na kan hanyar Tasawa.

Ku san wanda ke ba ku labarin nan. Ni ne mutumin da in wanzami ya fito da ƙaho sai an riƙe ni. Tsoro na ji ƙwarai. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na sauke sanda, na ɗaga hannuwa, na buɗe ɗan ƙirjin da yunwa ta bar mini.

Buba bai rage mini kome ba, a wurinsu ragi raini ne. An ce na yi murmushi. Ba murmushi ba ne, bakina ne ya buɗe zan yi ihu, ihun ya rasa iskar da zai hau. Duniya ta yi fari, fage ya yi tsit, ina tsaye ne kawai don na manta yadda ake faɗuwa. Matan bakin rijiya suka saki guɗa, wai tsoho ya yi jarumta. Da numfashina ya dawo, abin da ya fara zuwa mini ba takai ba ce, ba kuma Baba Tanko ba. Niyyata in fasa kan yaron nan. Na ɗaga sanda da hagu na kawo masa ita da duk abin da ya rage a jikina. Shi kuwa bashi ya biya, mata sun gani, wasa ya halatta. Kuma makiyayi bai damu da ta wane gefe sanda ta fito ba. Ya tare ta a sama, ta ce ƙwas, irin ƙwas ɗin da ban taɓa jin kamarsa ba. Daidai lokacin gular Ɗan Ladi ta faɗa kan ganga. Sauran Fulanin suka ga babbansu ya ɗaga, suka ɗaga, da'ira ta ɗauka. Muka yi ta har rana ta faɗi, ina rawa ina hawaye, mutane na cewa murna ce.

Washegari Ɗan Ladi ya zo duba ni ina kwance kan tabarma an ɗaure mini ƙirji da zane. Ya zauna ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce ya aika wa mahauta su nemi wani, garin da sarkin rawa ke ba da haƙarƙarinsa bai kamata a bar shi ba ganga ba. Sannan ya ce wurin nan da na mutu na dawo, a bar shi cikin kiɗa, don bai taɓa jin ƙwas mai daɗin wanda ya biyo bayan shirun ba. Da na warke muka zauna muka gyara shi. Kowa ya sauke sanda, ya ɗaga hannu, ya buɗe ƙirji, ganga ta ɗauke, sannan a haɗa gaba ɗaya. Ba a bugun kowa, ni na riga na biya wa kowa. Yanzu in mun je Tasawa sai ka ji dattawa na cewa wannan shirun tun kaka da kakanni ne, ni kuma in gyaɗa kai.

Buba ya yi kaka biyar yana tsayawa gabana, ƙanensa a bayana. Su ne kaɗai shekarun da na yi rawa a rayuwata. Da shanunsu suka sake yawa suka yi arewa wajen Mairairai, na koma kan kututturena, don babu wanda ya sake yarda ya ba ni yatsunsa. Bara wata mai tallar nono ta ce mini Buba ya rasu. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa.

Ila, matso. Kawo hannunka nan, ƙasa da hammata. Ka ji wannan ƙullin? Nan ƙashin ya haɗe a karkace, kuma duk damina sai ya gaishe ni. To, na gama. Wanda ke son a cire shirun ya fito tsakiya ya ɗaga hannuwa, in auna masa tsawon shirun da hannun hagu, in ya so sai ya faɗa mana ko hutu ne.

Babu kowa? To ku tashi ku ɗauki sanduna, ɗan Ɗan Ladi ya gaji da jira. In kun zo wurin kada ku yi gaggawa. Ku riƙe numfashi har sai ya yi muku zafi a ƙirji, sannan ku buga.